Ranar da Na Sa Yaya Ta Yi Magana

Amsar editan mujallar a Katsina ta same ni, cikin wani kafen intanet mai zafi kamar ɗakin gashin burodi. Na Daura a wancan lokacin kullum ka je sai a ce maka babu sabis, don haka duk mai jiran saƙo na gaske sai ya hau mota. Na zauna gaban wata kwamfuta mai nawar tsiya ina karkaɗa ƙafa har saƙon ya buɗe. Ba su karɓi maƙalata ba, ba su kuma yi watsi da ita ba. Cewa suka yi in gyara in sake turowa.

Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam da dabarun ba da shawara a wata kwalejin horar da malamai. A aikinmu ko ka fi kowa iya koyarwa, in ba ka buga maƙala a mujallar masana ba, ƙarin girma sai dai ka gani a wurin wasu. Yaran da na koyar sun dawo sun zama abokan aikina, wani ma har ya fara kirana da "abokina". Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A kan 'ya'yan fari na yi rubutun. Na raba wa ɗalibai takardun tambayoyi, na zauna da wasu daga cikinsu, suka gaya mini yadda suke ji in uwa ta ƙi kiran sunansu, ta ƙi kallonsu, ta ƙi yi musu magana sai ta bakin wani. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a, ko'ina wa'azi ake yi, kuma na sha jin malamai suna cewa kunyar ɗan fari al'ada ce kawai, ba ta da tushe a addini. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na rubuta da zafi, domin ni ma ɗan fari ne.

Mutum biyu suka tantance maƙalar, kuma dokar mujalla ce ba a faɗa maka sunayensu. Na farko mai neman rigima ne a kan ƙananan abubuwa: tsakurena ya yi tsawo, manazartata ba ta bi tsarinsu ba, na sa waƙafi inda ake sa aya. Wannan duk mai sauƙi ne. Na biyun ne ya kwance mini kai. Ya ce na saurari 'ya'ya na yanke wa iyaye mata hukunci ba tare da na ji ta bakin ko ɗaya ba. Ya ce sai na kawo muryar uwa, tana bayani da bakinta a kan abin da take ji game da ɗanta na fari, in ba haka ba shi bai ga abin bugawa ba.

Na fito daga kafen ina faɗa ni kaɗai kamar sabon kamu. Muryar uwa! Wannan mutumin ya taɓa zuwa ƙasar Hausa kuwa? Abin da nake gaya masa ke nan, ba sa magana! A motar komawa Daura har muka wuce rabin hanya ina tsaki, sai wani dattijo da ke gefena ya ce, "Malam, in da direba kake, ka faɗa masa mana." Amma can cikin raina na san mai tantancewar nan bai yi ƙarya ba, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Matsalar ita ce ni namiji ne. Ba zan ɗauki rikoda in faɗa gidajen mutane in ce a kira mini matan aure mu zauna ba, balle a lokacin da kowace ƙofa an rubuta mata "ba a shiga" da sabon alli. Sai na koya wa maiɗakina yadda ake danna rikodar, na rubuta mata tambayoyi, ta zaga maƙwabta. Da ta dawo na saurari kaset ɗin. Dariya ce zalla, da ƙarar turmi, da wata tsohuwa da ke cewa, "Oh ni, yau kuma me malaman boko suka ɓullo da shi?" Duk wadda aka tambaya sai ta ce kunya ce, haka muka tarar. Da aka matsa wa wata, sai ta ce miyarta za ta ƙone.

Na ce wa maiɗakina ba ta iya tambaya ba. Ta ce, "To Malam, kai da ka iya, ka je." Da gatse ta faɗa, ni kuwa sai na ɗauka da gaske, domin akwai mace ɗaya tak da zan iya shiga har tsakar gidanta in zauna ba mai ce mini kanzil. Mahaifiyata.

Yaya nake ce mata. Da aka yaye ni, gidan kakata ta wajen uwa aka kai ni, a ƙauyen da ke gaba da namu can ƙasar Baure, na tashi cikin kawunnaina da innonina. Kaka nake kira Inna. Ita kuma mahaifiyata da na ji ƙannenta suna ce mata Yaya, sai bakina ya kama. Na yi wayo sosai kafin in gane cewa matar nan da ke zuwa jefi-jefi, ta gaisa da kowa ta tsallake ni, ita ta haife ni.

Duk da haka muna da irin namu zaman, ni da ita. Tun bayan rasuwar mahaifinmu nakan je gida ƙarshen wata. In na yi sallama, ƙanwata auta, wadda ke aure a nan cikin garin kuma kusan kullum tana gidan, ita za ta amsa ta shimfiɗa mini tabarma. Yaya tana can gefe a kan kujerarta 'yar tsugune, ta ba ni kafaɗa, tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale. Sai ta ce, "Auta, ki tambayi baƙon nan ya ya baro mutanen gidansa." Ni kuma in ce, "Auta, ki ce mata suna gaishe ta." Auta ba ta ma wahalar da kanta wajen maimaitawa, don kowa ya ji kowa. Haka za mu yi ta hira har la'asar, a kan damina, da farashin awaki, da wanda ya rasu da wadda ta haihu. Wani lokaci in na yi abin dariya nakan ga kafaɗarta tana motsi. Iyakar abin da nake da shi na uwa ke nan, kuma ban san yana da yawa ba.

Da na gaya wa maiɗakina shawarar da na yanke, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Malam, kada ka yi."

"Don me? Uwata ce."

"Shi ya sa. Abin da mutum ya rufe tun yana yarinya, ba kai kaɗai ya rufe wa ba, har da kansa. In ka buɗe mata, da wane ido za ta sake zama da kai?"

Na ce ta bar ni da camfin mata. Na ce ni na karanci abin nan, magana magani ce, duk littattafanmu haka suka ce. Har na ɗaga murya. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da aikinta.

Ban iya tunkarar Yaya kai tsaye ba, ko da ina so ba haka ake yi ba. Auta na ja gefe a zaure na yi mata bayani. Ta zaro ido ta ce, "Taɓɗi! Yaya Malam, so kake ta kore ni daga gidan nan?" Na ce ta dai gwada. Dokar aikinmu ce sai mutum ya yarda da kansa kafin a ɗauki maganarsa, kuma sai an gaya masa yana da ikon ƙi. Na sa Auta ta faɗa mata duk wannan, ta gaya mata ba za a sa sunanta ko na garinmu ba. Amma na ƙara da abu ɗaya da littafi bai ce a ƙara ba. Na ce ta gaya mata ƙarin girmana a wurin aiki ya tsaya a kan wannan maganar. Gaskiya ce na faɗa, sai dai na san abin da gaskiyar za ta yi mata.

Auta ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ta ce ka shigo da abin naka."

Hantsi ne, gidan ba kowa sai mu uku da kaji. Yaya ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci bangon rumbu, ta ja mayafi ta rufe kai. Na ajiye rikodar a kan tabarma kusa da ƙafarta na danna. Na karanta tambayar farko, Auta ta maimaita, karo na farko da ta taɓa maimaita maganata da gaske. Yaya ta ce kunya ce, haka suka tarar. Na ce a raina shi ke nan, na yi asarar kuɗin mota. Na yi ta biyu, na yi ta uku, amsar ba ta canja ba. Sai Auta, wadda ita Inna take ce mata, ta bar tambayoyina ta yi tata.

"Inna, bai taɓa ciwo ba yana ƙarami?"

Kaset yana ta juyawa. Sannan ta fara, da murya ƙasa-ƙasa, tana magana da bangon rumbu.

Ta ce bayan yaye da 'yan watanni baƙon dauro ya shigo ƙauyen su kakata, yana ɗibar yara. Tana cikin daka wata mai tallan daddawa ta shigo ta ce ai yaron nan ma ya kwanta, jikin ya yi tsanani. Uwar mijinta na zaune, matan gida na zaune, duk suka zuba mata ido su ga yadda za ta yi. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ci gaba da daka. Har yamma ana yaba ta, ana cewa yarinyar nan akwai kunya, 'yar gidan mutunci ce.

Washegari ta ce za ta je itace. Ta bi ta cikin gonaki har bayan gidan su kakata, ta tsaya cikin gero a bayan danga. Ba ta shiga ba, don a gaban iyayenta kunyar ta fi ta gidan miji nauyi. Kunne kawai ta kasa. Ta ji kukan yaro, kuka mai shaƙewa, sai ta ce alhamdu lillahi, ta tsinci 'yan ƙirare ta koma. Kullum haka. In ta ji kuka ta san da rai.

Ran nan ta je ba ta ji komai ba. Ta tsaya, ta tsaya, rana ta take, ba kuka ba tari. Ta ce sai ta durƙusa cikin geron ta cusa gefen zane a baki don kada wani ya ji ta. Tana nan har inuwa ta juya, sannan ta ji muryar kakata tana faɗa, tana cewa, "Sha mana, ja'iri, kunun ma sai an roƙe ka?" Ta koma gida hannu wofi, uwar miji ta wanke ta tas a kan ta yini yawo ba ko tsinke.

Auta tana kuka. Ta ce, "Inna, me ya hana ki shiga kawai?"

"In shiga in ce me?" in ji Yaya. "Kowa ya san bai kamata in damu ba. Amma ɗana ne fa. Ɗana ne."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Ita ma da ta ji ta fito sai ta kai hannu ta toshe baki, ta waiwayo, ina jin ba da niyya ba. A karo na farko a rayuwata fuskarta ta fuskanci tawa, hawaye har haɓa. Ni kuwa a daidai wannan lokacin idona na kan rikoda. Kaset nake dubawa, kada ya zamana ya ƙare bai ɗauka ba. Da na ɗago, ta riga ta ga inda nake kallo. Ta mayar da fuskarta bango ta ce, "Auta, ki tambaye shi ko ya isa."

Na ce ya isa. Ban san me zan ƙara ba, ni da nake koya wa mutane yadda ake magana da mai kuka. Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Auta ta raka ni zaure.

Na dawo Daura na yi aikin da ya kawo ni. Na saurari kaset ɗin na kwafe shi kalma bayan kalma, ina tsayarwa ina mayarwa baya, har maiɗakina ta roƙe ni in riƙa sa abin kunne. Na juya maganar zuwa Turanci, ta fito a bushe kamar rahoton asibiti. Na canja mata shekaru, na ɗauke ta daga ƙasar Baure na ce wani ƙauye ne a arewa, na ba ta lamba maimakon suna, duk yadda dokar mujalla ta tanada. A wasiƙar da na haɗa wa edita na faɗa masa cewa matar 'yar'uwata ce ta jini, ya ce ba laifi tunda na bayyana. Sai kuma ga iyakar kalmomi da suka gindaya. Maƙalar ta yi tsawo, dole a rage. Na cire mai tallan daddawa, na cire zanen da ta cusa a baki, na cire faɗan uwar miji. Abin da ta biya da tsada haka ya koma 'yan layuka a tsakiyar shafi, kuma da hannuna na yanke.

Na gyara wa na farko waƙafinsa da manazartarsa, na kai wa mai buga takardu ya sake bugawa, na ɗauki disket ɗin kwamfuta na koma Katsina na tura. Bayan watanni amsa ta zo sun karɓa. Mai tantancewa na biyu har yabo ya yi, ya ce maganar matar nan ita ce ran maƙalar, ta sa na sauka daga kan hukuncin da na yanke da farko. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis ya yi mini murna. Da lokacin ƙarin girma ya zo, sunana ya fito. Abokan aiki suka ce sai na yi walima, na saya musu tsire da lemo, na ci tare da su ina dariya.

Amma tun kafin a kai ga nan na san akwai abin da ya lalace. Zuwana gida na farko bayan hirar, Auta ta ce Yaya ta je barka. Na biyu, ta je duba mara lafiya. Na uku, ina sallama na ji ƙarar ƙofar baya, wadda ke ɓullewa gidan maƙwabta. Tuwona yana nan a rufe, da man shanu fiye da na kullum, an ɗaure mini gyaɗa da kuka in kai wa yara. Kujerar kuwa ba kowa a kai. Na zauna ni da Auta, sai muka ga ashe ba mu da abin cewa da yawa in ba ita.

Na yi fushi da farko, halina ne. Na ce wa Auta wannan wane irin abu ne, ni na ce ta faɗi abin da ta faɗa? Auta ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaya Malam, ba fushi take da kai ba. Da fushi ne da sauƙi. Cewa ta yi ka riga ka gan ta, ba ta san yadda za ta sake zama a gabanka ba."

Na ce ta gaya mata ni ban ɗauki abin komai ba. Auta ta ce, "Wannan kam ba zan faɗa mata ba." Sai da na hau mota na gane abin da na ce.

Haka muka yi shekaru. Na gwada zuwa ba sanarwa, na gwada zuwa ranar kasuwa, na gwada tura yarana su riga ni shiga. Yaran takan rungume su ta yi musu wasan jika, da ta ji takuna sai ta miƙe. Maiɗakina ba ta taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba, kuma wallahi da ta faɗa da na fi samun sauƙi. A aji kuwa ina nan ina koya wa ɗalibai cewa kada mai ba da shawara ya buɗe abin da ba zai iya rufewa ba. Suna rubutawa, har a jarrabawa nakan tambaye su.

Daga baya ciwon gwiwa ya kama ta, tashi ya zama sai an taimaka. Ran da na je na same ta a tsakar gida, ba don ta so ba, don ba ta da ƙafar gudu. Tana jin sallamata ta laluba mayafi ta rufe har fuska, ta juya bango. Na ji kunyar kaina, kamar na tare dabba a rami. Na zauna nesa, na gaishe ta ta bakin Auta, ta amsa da kai.

Na yi ta juya maganar da na zo da ita. Daga ƙarshe na ce, "Auta, ki ce mata kaset ɗin nan yana wurina, ban taɓa ba kowa ya ji ba. In tana so in ƙone shi, yau zan ƙone. Ki ce mata kuma ta yafe mini."

Auta ba ta maimaita ba. Muka jira. Can daga cikin mayafi muryar ta fito.

"Auta, ki tambaye shi. An ƙara masa girman?"

Ashe duk shekarun nan ba wanda ya gaya mata. Ni da ya kamata in aiko da labari, kunya ta hana ni, ko Auta ban gaya wa ba. Na ce an ƙara, tun tuni.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. "Da ina ta tunanin ko ban faɗa daidai ba ne, na ɓata masa."

Ta gyara mayafinta, har yanzu tana kallon bango. Ta ce wa Auta ta zubo mini abinci in ci in kama hanya da sauran rana, don an ce gadar nan ta gaban kasuwa ta fara zaizayewa.